The Missing: uban da ya gudu, 'yar da ta ƙi yafewa, da matsafin da ya haɗa su

A ƙarshen watan Nuwamba na 2003 Ron Howard ya fitar da The Missing, ƙasa da shekara biyu bayan ya karɓi kyautar Oscar ta gwarzon mai ba da umarni. Fim ɗin kaboyi ne cikakke, da dawakansa da bindigoginsa da ƙurarsa, an kuma ɗauko labarin daga littafin Thomas Eidson mai suna The Last Ride. An kashe masa wajen dala miliyan 60, abin da ya dawo daga gidajen sinima kuwa bai kai miliyan 40 ba. A ganina, wani ɓangare na dalilin shi ne masu kallo sun rasa inda za su ajiye shi. Wanda ya shiga don harbe-harbe ya tarar da uba da 'yarsa suna tonon tsohon ciwo. Wanda ya shiga don labarin iyali ya tarar da matsafi ya rataye macizai a reshen bishiya yana tatsar dafinsu. Sai mutum ya ji kamar finafinai biyu aka ɗinke wuri guda. Ni dai ina ganin ɗinkin nan shi ne fim ɗin, in aka farke shi ba abin da zai saura. Zan bi labarin har ƙarshensa, don haka wanda bai kalla ba ya san da wannan.

Shekarar 1885 ce a yankin Niyu Meksiko na Amurka, tun kafin ya zama jiha a 1912. Maggie Gilkeson, wadda Cate Blanchett ta fito a matsayinta, mai magani ce a karkara. Ita ke cire haƙori, ita ke ɗinke rauni, ita kuma ke riƙe da gona da dabbobi. Kirista ce mai riƙo da addininta, tana da 'ya'ya mata biyu. Lilly, babbar, budurwa ce da zaman daji ya ishe ta, hankalinta na kan birni da kayan zamani. Dot, ƙaramar, ba ta tsoron doki ba ta tsoron jini. Akwai kuma Brake, mai taya ta aiki, wanda ke son ta aure shi ita kuwa tana ja da baya.

Rannan sai ga wani dattijo mai doguwar suma da shigar Apache, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, ya sauka a ƙofar gida yana neman magani. Bature ne, sunansa Samuel Jones, Tommy Lee Jones ne ya hau matakin. Mahaifin Maggie ne da ya tafi ya bar su tun tana yarinya, ya koma zama cikin 'yan asalin ƙasar. Ta duba shi yadda za ta duba kowane baƙo marar lafiya, ya miƙa mata kuɗi ta ƙi karɓa, ta ce ya kama gabansa. Ba a jima ba wasu mahara suka kashe Brake da abokin aikinsa a daji, suka yi gaba da Lilly. Dot ce kaɗai ta tsira saboda ta ɓuya. Maharan 'yan Apache ne da suka taɓa yi wa sojan Amurka aikin bin sawu kafin su yi tawaye, tare da wasu Turawa marasa imani, suna tara 'yan mata don su tsallaka da su Meksiko su sayar. Jagoransu matsafi ne da ake kira Pesh-Chidin. Hukuma ta yi ko oho. Mutum ɗaya ne ya san dajin, ya san harshen, ya kuma iya karanta sawu, shi ne uban da ta kora.

Duk wanda ya san finafinan kaboyi zai tuna The Searchers na John Ford, wanda ya fito a 1956. A can John Wayne ne ya kwashe shekaru yana neman 'yar ɗan'uwansa da 'yan ƙabilar Comanche suka ɗauke, kuma ƙiyayyarsa ta kai har yana niyyar kashe yarinyar don ta zama ɗaya daga cikinsu. Howard ya juya wannan tsarin. A nan mai neman shi ne wanda ya tsallaka wancan ɓangaren da ƙafarsa, ba wanda ya sace shi. Mai ƙyamar Apache kuwa mace ce mai ceton rai, kuma ƙyamarta ba daga wa'azi ta samo ta ba. A wurinta mutanen nan su ne suka ɗauke mata uba tun kafin wasu daga cikinsu su ɗauke mata 'ya.

Mai kallo Bahaushe zai iya saurin ganin laifin Maggie. Uba uba ne, hannunka kuma ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma fim ɗin bai bar mu mu tsaya a nan ba, domin ya jera mana abin da tafiyar Samuel ta haifar. Uwar ta ƙare rayuwarta cikin wahala da jira. Ɗan'uwan Maggie ya mutu. Ita kanta ta tashi ba mai kare ta, har fim ɗin ya nuna a kaikaice cewa cikin Lilly ba da yardarta aka same shi ba. Wannan ne ya sa ta kasa sakin jiki da Brake duk da kirkinsa, domin namijin farko da ta dogara da shi ya koya mata cewa maza tafiya suke yi. Haƙƙin iyaye gaskiya ne, amma 'ya'ya ma suna da nasu haƙƙin, kuma Samuel bai sauke ko ɗaya ba. Blanchett ba ta yi wasan da kuka ko ihu ba. Baki a tsuke, hannu kullum cikin aiki, idan ta yi masa magana sai ka ji kamar da ɗan ƙwadago take yi.

To ina tsafi ya shigo? Ya shigo tun kafin a ga matsafin, domin shi ne ya dawo da Samuel gida. Daga baya gaskiya ta fito cewa ba nadama ce ta taso shi ba. Macijin nan mai ƙararrawa a wutsiya ne ya sare shi, mai maganin Apache kuma ya gindaya masa sharuɗɗan warkewa, ciki har da ya koma ya kula da iyalinsa. Wato 'yarsa tana cikin jerin abubuwan da aka umarce shi da su don ya tsira da ransa. Wannan shi ne wuri mafi ɗaci a fim ɗin, kuma shi ne mafi gaskiya. Da marubutan sun so sauƙi, da sun ba shi hawaye da dogon jawabin tuba. Sai suka ba shi son kai, irin wanda ya fitar da shi daga gida tun farko.

Maganar macijin tana da tushe. Masanan da suka zauna da 'yan Chiricahua, reshen Apache da labarin ya shafa, irin su Morris Opler wanda littafinsa kan rayuwarsu ya fito a 1941, sun bayyana cewa mutanen na nisantar maciji matuƙa. Taɓa shi ma na iya jawo ciwon da sai wanda ke da iko a kan maciji zai iya magance shi. Sun kuma bayyana cewa a fahimtarsu iko na ɓoye yana iya warkarwa yana iya cutarwa, ya danganta da hannun da ya riƙe shi. Mai warkarwa ana girmama shi. Wanda ya juya ikonsa don cutar da mutane kuwa abin tsoro ne kuma abin ƙi, hukuncinsa na iya kaiwa ga kisa. Idan mutum ya san wannan, ganin Pesh-Chidin yana wasa da macizai zai ba shi wata ma'ana dabam. Mutum ne da ya keta dokar mutanensa, su ma gudunsa suke yi. Shi ya sa Kayitah, tsohon abokin Samuel, da ɗansa Honesco suka shiga sahun masu bin sawu, don amaryar da Honesco zai aura tana cikin 'yan matan da aka kwashe.

Tsakiyar fim ɗin ita ce daren da aka yi wa Maggie jifa. Abin tazar kanta ya faɗa hannun matsafin, ya zare gashinta ya yi aikinsa, sai zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita a tsakiyar daji. Ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani a nan ba, tunda mu ma tsofaffi kan hana a yar da gashin da aka taje ko farcen da aka yanke a ko'ina. Abin lura shi ne wanda jifan ya kama da kuma abin da ya tilasta. Maggie ce mai magani, ita ce ke tsaye a kan kowa, ba ta taɓa yarda ta buƙaci wani ba. Tun farkon tafiyar take ƙin duk wani abin kariya da uban ya miƙo, tana ganinsa kayan arna. Yanzu ga ta kwance ba ta iya ɗaga kai, iliminta na magani bai amfane ta ba, rayuwarta kuma ta koma hannun mutumin da ta rantse ba za ta sake dogara da shi ba. Samuel ya duƙufa da addu'o'in Apache, Dot kuma ta buɗe Littafi Mai Tsarki tana karantawa da ƙarfi. Wurin da take karantawa jerin asali ne, wane ya haifi wane, wane ya haifi wane. Jika na karanta sunayen iyaye da 'ya'ya a kan uwar da ta yanke igiyar da ke tsakaninta da ubanta, uban kuma na gefe yana roƙo da harshen mutanen da ya zaɓa ya bar ta dominsu.

Da ciwon na yau da kullum ne, da Maggie ta faɗa wa Dot abin da za ta jiƙa mata, uban ya ci gaba da zama ɗan rakiya. Da harbi ne, da kowane mai bindiga zai iya tsaya mata. Sai da aka kawo cutar da ba wanda ya san kanta sai Samuel, kuma bai san ta ba sai don shekarun da ya yi nesa da gida. Abin da ya raba su shi ne ya cece ta, kuma dole ta rayu da sanin haka. Fim ɗin bai ce addu'ar wane ce ta ci ba, bai kuma sa Maggie ta bar addininta ba. Ta tashi Kirista kamar yadda ta kwanta. Abin da ya sauya kaɗan ne: ta daina kallon duk abin da ya fito daga hannunsa a matsayin ƙazanta.

Akwai wani zare da ke tafe a ƙarƙashin wannan, na kuɗi. Samuel ya fara miƙa wa 'yarsa kuɗi a ƙofar gida ta mayar masa. Can gaba ya nufi sansanin maharan da niyyar fansar 'yan matan, aka lakaɗa masa duka, aka hura masa garin magani a fuska, ya fito da kyar. Sau biyu ya gwada biyan bashi da abin da ke aljihunsa, sau biyu aka nuna masa ba irin wannan bashin ba ne.

'Yan matan biyu ma kowace ta ɗauko wani abu daga kakan. Lilly ta gaji ƙafarsa, wato son barin gida, duk da ita birni take hange shi kuma daji ya nufa. Dot ta gaji idonsa da kunnensa, ita ce ke manne da shi tana tambaya, uwar na jan ta baya. Jenna Boyd, yarinyar da ta fito a Dot, ta riƙe wurare da dama da manyan suka bar mata, kuma ta hanyarta ne muke ganin Samuel ba tare da tabon da Maggie ke gani ba.

Sai maganar soja. Ayarin ya ci karo da rundunar wani laftanar da Val Kilmer ya fito a matsayinsa, a gidan wasu mutane da maharan suka hallaka. Sojojin na kwasar kayan mamatan. Da Maggie ta roƙi a bi sawun 'yarta, sai jami'in ya ce umarnin da aka ba shi na wani aikin ne dabam. Fitowar gajera ce, amma duk iyalin da aka taɓa sace musu wani suka je gaban hukuma aka ce su yi haƙuri, sun san nauyin wannan amsar.

A nan ne kuma nake da ƙorafi a kan fim ɗin, ƙorafi mai girma. Eric Schweig, wanda ya fito a Pesh-Chidin, shi ne kyakkyawan saurayin nan Uncas na The Last of the Mohicans a 1992. A nan an lulluɓe fuskarsa da tabo da ruɓaɓɓun haƙora, an rataya masa hotunan waɗanda ya cuta a ƙirji, har akwai inda ya cusa wa Lilly ƙasa a baki. Yana ba da tsoro ƙwarai. Amma ba a ba shi ko fitowa ɗaya da za mu gan shi a matsayin mutum mai tarihi ba. Samuel ya yi laifi an ba shi dalili, Maggie ta yi ƙiyayya an ba ta dalili, shi kuwa mugu ne kawai daga sama har ƙasa. Howard ya yi ƙoƙarin daidaita ma'auni da Kayitah, da Turawan da ke cikin maharan, da sojoji masu wawaso, amma fuskar da mai kallo zai tafi gida da ita ta matsafin ce.

Tarihin kuwa yana da abin faɗa da yawa. Gaskiya ne sojan Amurka ya dogara da masu bin sawu 'yan Apache, Janar George Crook ma ya yi imani cewa ba a iya kama Apache sai da Apache. Gaskiya ne kuma an taɓa yin tawaye. A 1881, a rafin Cibecue da ke Arizona, sojoji sun je kama wani mai magani da jama'a ke taruwa wurinsa, rikici ya ɓarke, wasu masu bin sawun suka juya bindigoginsu kan sojojin, aka kashe mai maganin, sannan a 1882 aka rataye uku daga cikinsu a Fort Grant. Cinikin mutane a kan iyakar ma ba ƙage ba ne, sai dai ya fi cin 'yan asalin ƙasar. Mata da yaran Apache da aka kama an sha sayar da su aikatau a gidajen Meksiko da Niyu Meksiko, kuma tun 1835 jihar Sonora ta Meksiko ta sa lada a kan fatar kan Apache. Geronimo kansa, shahararren jagoran yaƙi na Chiricahua, sojojin Meksiko ne suka kashe masa uwa da mata da 'ya'ya uku.

Shekarar da aka ɗora labarin a kanta, 1885, ita ce shekarar da Geronimo ya fice daga sansanin San Carlos, inda gwamnatin Amurka ta killace Apache, a karo na ƙarshe. Sojoji kusan 5,000 aka baza neman ayarin da bai kai mutum 40 ba. A watan Satumba na 1886 ya miƙa wuya ga Janar Nelson Miles a Skeleton Canyon. Masu bin sawu biyu ne suka raka Laftanar Charles Gatewood har maɓoyarsa suka shawo kansa, sunan ɗaya Martine, sunan ɗayan Kayitah, irin sunan abokin Samuel. Sakamakon da suka samu shi ne aka loda su a jirgin ƙasa tare da waɗanda suka taimaka aka kama. An kwashe 'yan Chiricahua kusan 500, har da waɗanda ba su taɓa ɗaga makami ba, aka kai su Florida, daga nan Alabama, daga nan Fort Sill a Oklahoma. An raba yara da iyayensu aka tura su makarantar Carlisle a Pennsylvania, inda tarin fuka ya kashe da yawa. Shekara 27 suka yi a matsayin fursunonin yaƙi. Geronimo ya mutu a tsare a 1909, sai a 1913 aka sake su, mafi yawansu suka koma Mescalero, yankin Apache da ke Niyu Meksiko. Fim mai ɗauke da sunan waɗanda suka ɓace, wanda aka kafa shekara guda kafin wannan kwashe, ya kamata ya ba shi fiye da 'yan fursunonin da aka hango suna wucewa a bayan sojoji.

Duk da haka akwai abin da ya yi wanda finafinan kaboyi na da ba su damu da shi ba. An yi magana da harshen Chiricahua na ainihi, a lokacin da masu jin sa sosai ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Dattawa biyu, Elbys Hugar da Berle Kanseah, su suka koyar da Tommy Lee Jones da Jay Tavare, wanda ya fito a Kayitah, da sauran 'yan wasan. Hugar jinin Cochise ce, babban shugaban Chiricahua. Mutanen Mescalero sun yaba da jin harshensu a sinima yadda ake furta shi, har da barkwancinsa. Wannan ya taimaki labarin iyalin ma. Idan Samuel na hira da Kayitah sai ka ga wani mutum dabam, mai sakin fuska da raha, wanda ake tsokana yana ramawa. Maggie na tsaye tana kallon uban da ba ta taɓa samu ba, a cikin harshen da ba ta ji.

A ƙarshe an kuɓutar da 'yan matan, Kayitah ya rasa ransa, maharan suka biyo su har kan duwatsu. Da matsafin ya kai ga Maggie, Samuel ya rungume shi suka faɗo daga ƙololuwar dutse tare, duka biyun suka mutu. Maggie ta ɗora gawar ubanta a kan doki ta nufi gida da ita, tare da 'ya'yanta da sauran 'yan matan.

Mutane da yawa na karanta wannan a matsayin cikakkiyar yafiya. Ni ban kai nan ba. Abin da na gani shi ne ta karɓe shi a matsayin nata, wanda za a binne a ƙasarta, kuma daga macen da ta hana shi kwana a ƙarƙashin rufinta wannan babban abu ne. Shi ma ya yi tafiya mai nisa, daga mutumin da ya zo neman lafiyar kansa zuwa wanda ya ba da ran da ya zo ceto. Sai dai mutuwar ta sauƙaƙa wa marubutan aiki, ta kuma sauƙaƙa wa Samuel. Faɗowa daga dutse abu ne na daƙiƙa kaɗan. Abin da ya gagare shi tun yana matashi shi ne zama: ya kwana ya tashi a gida ɗaya, ya yi aikin gona, ya jure kallon 'yar da ke da ikon tuhumarsa kowace safiya, ya amsa tambayoyin Lilly bayan abin da ta gani a hannun maharan. Wannan jarrabawar ce Maggie ta fi cancantar ta ga ya zauna, kuma fim ɗin ya ɗauke masa ita.